Kafin Ka Gina Wa Nemo Gida A Falonku

Na san ka taɓa cin karo da bidiyon nan a TikTok ko Instagram. Tankin gilashi, fitila mai ruwan bula, murjani kala-kala, ga wani ɗan kifi ruwan goro mai ratsin fari yana ta birgima cikin wani abu mai kama da fure. Sai ka leƙa wajen sharhi ka tarar 'yan uwanmu na tambayar nawa ne, a ina ake samu. Ni ma na taɓa tambaya, ba zan yi maka ƙarya ba.

To, abin nan da ka ɗauka fure ne, dabba ce. Sunanta anemoni. Tana da baki a tsakiya, tana da ƙafa guda da take manne wa dutse, kuma waɗannan yatsun masu lilo cike suke da dafi. 'Yar uwar murjani ce ta kusa. Shi ma murjanin dabba ne, duk da mu a tsakiya muka san shi, a wuyan amare. Bambancinsu shi ne murjani inda aka dasa shi nan zai zauna, ita kuwa anemoni in wuri bai yi mata ba, sai ta saki dutsen ta kama tafiya.

Daga nan rigima ke farawa. Ka kashe kuɗi ka jera murjani, ka yi wata da watanni kana jiran ya ɗan tasa, domin girmansa sai mai haƙuri. Dare ɗaya haske ko gudun ruwa ya ƙi yi wa anemoni daɗi, ta tashi yawo, duk murjanin da yatsunta suka shafa ta harbe shi. Da safe ka tarar da gefensa ya ƙone. Wannan ma da sauƙi. In ta bi ta bakin famfon da ke kaɗa ruwa ya zuƙe ta, farfela ta markaɗa ta, ruwan gaba ɗaya ya gurɓace, kana iya wayar gari kifayenka duk sun juya ciki sama. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke rufe famfo da raga, suke kuma cewa kada a sa anemoni sai tanki ya yi wata shida zuwa shekara yana aiki lafiya lau. Wasunsu ma tanki daban suke ware mata.

A aji an koya mana cewa abin da mai tace bidiyo ya yanke shi ma labari ne. Daƙiƙa talatin ɗin da ka kalla ba su nuna maka awon gishiri ba, wanda dole ya tsaya wajen giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba, na musamman ne da ake haɗawa da tataccen ruwa. Ba su nuna maka cewa zafin ruwan sai ya zauna tsakanin digiri 24 zuwa 27 ba. Kai da ka san yadda Kano ko Sakkwato ko Maiduguri suke a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ka san sai da na'urar sanyaya ruwa. Ita anemoni, kamar murjani, akwai wata ƙwayar gansakuka da ke zaune a jikinta tana haɗa mata abinci da haske. In zafi ya yi yawa ko haske ya gaza, ƙwayar ta fice, dabbar ta yi fari fat. Abin da ya sami babban tudun murjani na Ostiraliya ke nan a 2016 da 2017, amma kai a falonka zai faru. Wasu ma farar suke saya, suna zaton kyau ne, alhali mara lafiya ce.

Sai batun wuta. Famfo ya tsaya na wasu awoyi, iskar da ke cikin ruwa ta ragu, shi ke nan. In ba ka da sola da batirin da zai riƙe dare da rana, kada ma ka fara.

Ba ina cewa sha'awar laifi ba ce. Tun da fim ɗin Finding Nemo ya fito a 2003 mutane ke ɗaukar cewa kifin nan ba ya rayuwa sai da anemoni. A teku haka ne, domin ita ce garkuwarsa, kuma duk wadda aka ɓamɓaro daga tekun Indonesiya ko Filifin aka kawo kasuwa, an bar kifayenta a fili. Dabba ce kuma da kan yi shekaru gommai in an bar ta a inda take. Amma a tanki ba mai farautarsa, yana zamansa lafiya ba tare da ita ba, har ƙwai yana yi. Wani ma ka sai masa anemonin ya ƙi kallonta, ya je ya liƙe wa kusurwar gilashi.

In ka nace, ka fara da kifin ruwan daɗi shekara guda ka ga ko za ka iya da canjin ruwa duk mako. In ka tsallake zuwa ruwan gishiri, ka zaɓi ɗaya tukuna, ko murjani ko anemoni. In anemonin ce, ka nemi mai yatsu masu kumburi a kai, wadda takan rabe gida biyu a tanki, ka kuma tambayi mai sayarwa ko a hannunsa ta rabe ko daga teku aka ciro ta.