Hirarmu ta Wata-Wata: Wace Lasifika Za Mu Saya?

A watan jiya, bayan an tashi daga sujada a wata ƙaramar majami'a a ƙasar Ƙanƙara, dattawa suka tare mu da tambaya. Matan Zumunta sun tara kuɗi daga noman waken soya, suna so a sayi lasifika. Waɗansu suna son tsohuwar iri, waɗansu kuwa irin ta yanzu mai batir. Gardama ta yi zafi, sai muka ce bari mu kawo zancen nan, gama ba su kaɗai ke da wannan damuwa ba.

Tsohuwar iri kowa ya san ta. Akwatin ba ya magana da kansa, sai an haɗa shi da amfilifaya, an ja waya, an kuma ba amfilifaya wuta. To, ga inda wahala take. Dole ƙarfin akwatin ya dace da na amfilifaya. Idan wani saurayi mai himma ya jera akwatuna da yawa a baki ɗaya, nauyi ya fi ƙarfinta, sai ta yi zafi ta ƙone. Mun sha jin ƙaurin nan ana tsakiyar wa'azi! Ga kuma janareta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, majami'ar ƙauye da ke kunna janareta kowace Lahadi, baikonta yana tafiya cikin hayaƙi.

Irin ta yanzu kuwa, amfilifaya tana cikin akwatin, maƙeran sun riga sun daidaita su. Batir ma yana ciki. A yi mata caji da sola ranar Asabar, sai ta kai mu ƙarshen sujada, in ba a ƙure murya ba. Makirfo ba shi da igiya, saboda haka malamar Makarantar Lahadi tana iya zagayawa cikin yara. Ana kuma haɗa ta da wayar hannu ta hanyar Bluetooth, muddin tazarar ba ta wuce kamar mita 10 ba.

A nan mutane da yawa suna kuskure. Suna tsammani sai da sabis ko data. Ba haka ba ne. Ku tuna da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ba a iya kiran kowa, amma wanda ya riga ya ajiye karatun Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi a katin wayarsa ya ci gaba da jin su a lasifika. Tsofaffinmu da ba su iya karatu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne a gare su.

Akwai kuma dalilin da ba mu jin daɗin faɗa. Saboda 'yan bindiga, 'yan'uwa da yawa sun bar ƙauyukansu, waɗansu sun yi sujada a zauren wani ko a gindin itace. Kayan da aka kafa a bango, can aka bar su. Akwati mai batir kuwa yaro ma yana iya ɗaukarsa a ka, ya kwana a gidan mai bishara.

Kada mu ɓoye aibinta. Batir yana gajiya bayan 'yan shekaru, kuma in abin ciki ya ƙone, duka akwatin ya yi shiru. Tsohuwar iri kuwa mai gyaran rediyo a Funtuwa ko Malumfashi zai sāke abin da ya lalace kaɗai. Don babban taro a fili, har yanzu ita ce gaba. Kada kuma a ruɗe ku da manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali. Ku sa mai shago ya kunna, ku yi magana a makirfo, ku ja da baya ku saurara, sa'an nan ku tambaya ko ana samun batirinta a kasuwa.

Ga majami'ar nan mai mutum kamar 60, mun ba da shawara su sayi mai batir, ragowar kuɗin su sayi farantin sola. Mun kuma roƙi matasa su riƙa rage murya da dare, domin maƙwabta da kuma halin da ake ciki. Matan sun ce akwatin a hannun ma'ajiyarsu zai zauna, dattawa kuwa ba su yi musu ba.