Gidan tunawa da mawaƙa: bayan Ɗan Gurmu, sunan wa za a rubuta?



Tun ranar 15 ga Oktoba 2024, da hukumomi suka cire sunan Janar de Gaulle daga babban titin nan na Yamai suka sa na Djibo Bakary, suka kuma mai da cibiyar al'adu ta Jean Rouch ta koma ta Moustapha Alassane, maganar suna ta zama abin hira a ƙasar nan. Da watan Maris na 2025 ya zo aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sai hirar ta yi wani reshe. To, mutanen da suka riƙe wanga harshe da bakinsu a fada da kasuwa da gona da filin kokawa, tun gwamnati ba ta waiwaye shi ba, ina nasu sunan? Daga nan ne wasu ke cewa a gina gida guda, a jera hotunan manyan mawaƙa da kayan kiɗansu da muryoyinsu. Hira ce ta majalisa da ta zauren WhatsApp, amma ta kai mu zauna mu duba ta, don da an taɓo ta sai gardama ta kaure gida biyu: shin gidan yana da amfani, kuma wa zai shiga?

Irin wannan gida akwai shi a Amurka, a birnin Cleveland, ana ce masa Rock and Roll Hall of Fame. An fara shigar da mawaƙa a 1986, ginin kansa kuma an buɗe shi a 1995. Dokarsu ita ce sai mawaƙi ya shekara 25 da fitar da faifansa na farko kafin a kawo sunansa. Kun ji kamar an gama magana ke nan, amma ina! Kowace shekara sai an yi cacar baki. A 2006 ƴan ƙungiyar Sex Pistols ta Ingila aka shigar da su suka ƙi zuwa bikin. A 2022 Dolly Parton ta roƙi a cire sunanta, a ganinta ba irin kiɗanta ba ne, aka ƙi, aka shigar da ita. Wanda ya fi shafar mu shi ne Fela Kuti na Najeriya. A 2021 aka sa shi cikin ƴan takara, jama'a suka yi ta jefa masa ƙuri'a ta intanet har ya zo na biyu a bayan Tina Turner, amma da sakamako ya fito babu shi, domin ƙuri'ar da ke yanke hukunci tana hannun wasu mutane ne na cikin sana'ar. A 2022 ma aka sake sa shi, ya sake faɗuwa. Masu kuɗi da takardu da faifan kowa a ajiye ke nan, ba su tsira daga zargin son kai ba.

Mu nan jahar Tawa ba baƙi ba ne a wannan harka. Tun 1987 aka kafa gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu, makaɗin gargajiya na Adar, kuma a Tawa aka fara ta. Gasar ta kiɗan zamani ce, ta masu jita da ganga irin ta Turawa, sai ga shi an rataya mata sunan tsoho mai kiɗan gida. Wasu na ganin wannan rashin dacewa ne. Mu dai muna ganin dabara ce mai kyau: an ce wa yara ku yi sabo, amma ku san daga inda kuka fito. Gasar ta fito da mawaƙa da dama, ta kuma sha kwanciya shekaru ba a yi ta ba. Abin lura shi ne, ko a shekarun da ta kwanta sunan bai kwanta ba. Yaron da aka haifa bayan rasuwar Ɗan Gurmu ya san sunan. Amma ku gwada wani abu yau da dare: ku tambayi saurayi ɗan shekara ashirin a Tamaske ko Karofane ya faɗi waƙar Ɗan Gurmu guda ɗaya. Idan ya yi shiru yana sosa ƙeya, to kun ga iyakar abin da suna kaɗai yake iya yi.

A Yamai ma akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Elhaji Taya, da ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya a cikinta, akwai gidan al'adu mai sunan Djado Sékou, gwanin ba da tarihi na Zabarmawa. Ke nan ƙasar ba ta ƙi karrama masu baki ba. Sai dai an yi shi ne jefi-jefi, mutum ɗaya nan, mutum ɗaya can.

Ƴan kokawa sun fi samun gata, kuma dalilin a fili yake. Tun 1975 da aka yi gasar ƙasa ta farko a nan Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci, kowa ya san yadda ake zama sarki: ka kayar, ka ɗauki takobi. Filin Maraɗi na da sunan Kantu, na Doso na da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram na da sunan Langa-Langa, kuma ba mu taɓa jin an yi faɗa a kan haka ba. Wanda ya sha ƙasa ya sha, jama'a na kallo. Waƙa ba ta da wannan alƙalin. Ga wani abin dariya kuma: rabin sunan da ƴan kokawar nan suka yi, a bakin makaɗa irin su Sagalo suka yi shi. In an cire kirari da ganga, kokawa ta zama maza biyu suna ture-ture a rairayi.

Masu cewa gidan ba shi da amfani suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Na farko cikinsu shi ne manomin albasa na fadamar Tarka da ke lissafin kuɗin mai da taki, ko uwar gida a Alakai da ke tafiya mai nisa neman ruwa. Su a wurinsu, siminti da za a zuba don hoton mamaci gara a zuba shi a rijiya. Ga kuma halin tsaro da ya hana mutane barci a bakin iyaka wajen Bangi. Wannan magana gaskiya ce, kuma in gidan yana nufin babban gini da minista zai yanke ƙyalle a tafi a bar shi ga jemagu, to muna bayansu.

Akwai kuma malamai da ke ganin kiɗa ba abin ɗaukakawa ba ne. Wannan muhawara ta girme mu duka, kuma ba a rediyo za a yanke ta ba. Sai dai akwai wata ƙyama ta daban da ba ta addini ba, wadda muke ɓoyewa a bayan addini. Mu Hausawa muna son waƙa amma muna raina mai yin ta. Muna kiran maroƙi ranar biki, mu yi masa liƙi, mu ji daɗi in ya ambaci kakanmu, amma in ɗansa ya zo neman auren ɗiyarmu sai fuska ta canza. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, abin da ya sa labarin ya yi ƙara ke nan: an sa wa mai kalangu rigar malaman jami'a. Idan gidan tunawa zai sa jikan makaɗi a Ibohaman ya faɗi sana'ar kakansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, to ya yi wani aiki da rijiya ba ta yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wa zai shiga?

Da an fara lissafi, iyaka ce ke fara tare hanya. Bagobirin Madawa ko Sabon Gida, in ka ce masa ya kawo babban mawaƙi, Narambaɗa zai fara ambata, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, kafin ya tuna da kowa. Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Shata da ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, duk da su muka tashi, kasat ɗinsu ne ke cikin motocin kasuwa. To gidan na ƴan Nijar ne ko na masu waƙa da Hausa? In na ƴan Nijar ne, an bar rabin abin da kunnenmu ya sha a waje. In na Hausa ne, ƴan Najeriya za su cika ɗakin, Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da Ɗan Gurmu su koma lungu, ƴan'uwanmu Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Barebari kuma su ce ina namu. Ra'ayinmu shi ne gidan ya zama na ƙasa, da dukan harsunanta, a kuma ware wa maƙwabta ɗakin baƙi, don baƙon da ya kwana shekara hamsin a kunnenka ya wuce a bar shi a ƙofa.

Sai maganar zamani. Mdou Moctar ɗan arewacin jahar nan ne, waƙoƙinsa sun fara yawo ne daga waya zuwa waya ta katin memori, yau kuma yana cika dandali a Amurka da Turai. Bombino na Agadas ya shiga takarar kyautar Grammy da faifansa Deran na 2018. Ƴan cirani da yawa za su ce waɗannan su ne suka kai sunan Nijar inda bai taɓa zuwa ba, kuma haka ne. Amma tsohuwa a Garhanga ba ta san su ba, ta san zabiyar da ta yi mata waƙa ranar da aka kai ta ɗaki. Wace shahara ce ta fi nauyi, ta Landan ko ta kasuwar Tabotaki? Mu ba mu ga dalilin da zai sa tambarin Turawa ya zama tikitin shiga ba. Ba mu kuma ga dalilin da zai sa a hukunta yaro don ya yi suna a waje ba.

Abin da muke jin tsoro ya fi wannan. Yawancin waƙarmu ta yabo ce, kuma mai yabo yana da ubangida. In aka bar zaɓe a hannun masu mulki, kowace gwamnati za ta shigar da makaɗinta, ta gaba ta zo ta sauke hoton. Mun ga kwatankwacin haka a Kano: Naziru Ahmad ya samu sarautar Sarkin Waƙa a hannun Sarki Muhammadu Sanusi na biyu, da aka sauke sarkin a 2020 sai sarautar ta shiga rigimar da ba ta waƙa ba. Shi ya sa muke ganin kada a shigar da mai rai. Kai, ko mamaci ma a jira. A bari ubangidan ya kau, kuɗin liƙi su ƙare, jam'iyyar ta watse. Waƙar da aka ci gaba da rerawa bayan wannan, ita ce ta ci jarrabawa. Sarkin da Narambaɗa ya yi wa waƙa ya daɗe da rasuwa, amma har gobe ana sauraren Bakandamiya, har jami'o'i na nazarinta.

Ko wannan ma'aunin yana da rami, kuma mata ne ke faɗawa ciki. Wanda aka ɗauki muryarsa shi ake tunawa, kuma na'urar ɗaukar murya ta fi zuwa fada da birni. Barmani Coge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta tsira don kiɗan ƙwaryarta ya shiga kasat. Amma waƙar daka fa, da ta niƙa, da ta reno, da ta kai amarya? Ba su da mai su, ko kuma masu su sun yi yawa. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka lokacin babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984, duk wanda ya san aikin gayya a ƙasar Hausa ya san ba a yin sa da baki rufe. Wane hoto za a rataya domin su? Gidan da aka gina a kan sunan mutum ɗaya-ɗaya ba shi da ƙusar da zai rataya irin wannan.

Labarin Malam Maman Barka ya kamata ya tsaya mana a rai. Biram, kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masunta tafkin Cadi, ya kusa ɓacewa, saura tsoho guda, Bukar Tar, da ya iya shi sosai. Maman Barka ya je ya zauna wurinsa ya koya, ya kai biram har Turai kafin shi ma ya rasu a 2018. Da an ba Bukar Tar lambar yabo kawai an ɗauki hoto, da yau biram yana rataye a bango ba mai taɓa shi. A nan muke ganin amsar tambayar farko take: gidan yana da amfani in ya ajiye murya, ya koyar da hannu, ya kuma sa hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, ta san magadan da za a ba haƙƙinsu in an sa waƙar ubansu. Iyalan makaɗa nawa ne ke jin muryar mahaifinsu a wayar kowa, su ko dala ba ta shigo ba? Mu kanmu gidajen rediyo ba mu fita daga wannan tambaya ba.

Kuma wannan aikin ba sai an jira Yamai ba. Muryar Sahel tana da tsoffin faifai a ajiye, cibiyar CELHTO da ke tattara adabin baka tana da nata, amma abin da makaɗin ƙauye ya rera a bikin sunan wani a Dewule ko Azarori, in yana nan, to yana cikin adakar wata tsohuwa ne, ko cikin jakar wani ɗan cirani da ya tafi da shi Abijan don ya rage kewa. Zaren kasat ba ya son zafi, kuma kun san zafin watan Afrilu a Adar. Duk wanda ke da irin wannan kasat, ya kawo mana ita nan gidan rediyo mu juya ta a kwamfuta mu mayar masa da abinsa. Ƴan cirani kuma su ɗauka da waya su turo. A haɗo da sunan makaɗin, da garinsu, da irin kiɗan da yake yi, da wanda ya koya masa, in an sani.