"Jininka Ya Yi Ƙasa": Giɓi a Kalmomin Awon Asibiti

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi, da ƙananan asibitocin Tarauni, ana auna zafin jikin majinyaci da bugun zuciyarsa da ƙarfin bugun jininsa kafin ya ga likita. Da Turanci ake rubuta sakamakon a kati, amma da Hausa ake yi wa mai jikin bayani.

Zafin jiki bai cika rikitarwa ba: digiri 37 lafiya, 38 zazzaɓi. Jini ne ke da wuyar sha'ani. "Awon jini" na iya nufin ɗaura ma'auni a damtse, yana kuma iya nufin ɗibar jini zuwa ɗakin gwaji. Idan aka ce "jininka ya yi ƙasa", ana nufin awon bai kai 90 bisa 60 ba, majinyaci kan ɗauka ƙarancin jini gare shi, sai ya nufi kemis neman maganin ƙarin jini, alhali larurorin biyu daban suke.

Ya kamata masana Hausa na Jami'ar Bayero su zauna da ma'aikatan jinya, su ware wa kowace larura sunanta, su kuma gwada sunayen a kunnen majinyata kafin su shigar da su ƙamus.