Kira ga Hukuma: A Rage Cunkoson Ɗalibai a Darussan Aikin Hannu

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Sakkwato, da Shugabannin Ƙananan Hukumomin Kebbe da Tambuwal.

Muna miƙo kukanmu a kan yadda ake koyar da darussan da ake yi da hannu a makarantun sakandaren yankinmu, wato kimiyya, aikin gona, fasaha da koyon girki.

Ranka ya daɗe, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a babbar sakandare, amma da ta zo kan aikin hannu a ilimin sana'a da fasaha sai ta rage zuwa 20. Dalilin a fili yake. A aji, idon malami yana kan allo; a ɗakin gwaje-gwaje kuwa dole idonsa ya bi hannun kowane yaro, domin akwai asid da wuta da gilashi. A gonar makaranta akwai adda da maganin feshi, a ɗakin girki akwai tukunyar gas da tafasasshen mai. Ko maƙeri ba ya tara yara hamsin a bakin maƙera lokaci guda.

Idan aji ya cika maƙil, malami mai tsoron Allah yakan rasa mafita. In ya shiga da su duka, ya sa rayuka cikin haɗari. In ya ƙi, sai ya zana gwajin a allo, yaro ya fara taɓa kwalbar gwaji ranar jarrabawar WAEC ko NECO. Ga kuma nisa: yaron da ya ƙone a Kuchi ko Ungushi ko Sanyinna, kafin ya isa babban asibiti a Sakkwato, lokaci ya ƙure.

Don haka muke roƙo a fitar da umarni a rubuce cewa kada rukunin aikin hannu ya wuce ɗalibai 20, a raba aji kashi-kashi a jadawalin darasi. A turo mataimakan ɗakin gwaji da malaman fasaha daga cikin waɗanda Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari take yayewa, a fifita 'yan yankin da za su zauna. A wadata kowace makaranta da bokitin yashi, na'urar kashe gobara, tabarau, safar hannu da akwatin taimakon gaggawa. Sufetoci su riƙa duba waɗannan a kowane zangon karatu, su ba kwamitin iyaye rahoto.

Tun 2015 jiharmu ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, aka yi ta kiran iyaye su kai yara makaranta. Mun amsa kira, mun ba da amanar 'ya'yanmu. Muna roƙon a fara aiki da wannan tsari daga zangon karatu mai zuwa.

Allah Ya taya ku riƙo, amin.

Naku masu biyayya,
Wasu iyayen ɗalibai daga Kebbe da Tambuwal