Idan Teku Ya Yi Zazzaɓi

 Yau zancen murjani za mu yi.

Jan murjanin da kakanninmu ke ɗaurawa a wuya asalinsa halitta ce mai rai daga ƙarƙashin teku. Yana da 'yan'uwa a tekuna masu ɗumi, wasu mitsi-mitsin dabbobi da ke zaune a cunkushe suna gina wa kansu gida da wani abu mai kama da alli. Shekara bayan shekara ginin yana hawa, har ya zama duwatsu a gefen gaɓa. Mafi girmansu yana Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Akwai su a Bahar Maliya kusa da Jidda, da gaɓar Kenya da Zanzibar.

A asibiti mun san darajar digiri ɗaya. Zafin jikin yaro 37 lafiya ce, ya kai 38 kuwa sai mu ce zazzaɓi. Murjani ma haka yake. A cikin jikinsa akwai wani ƙanƙanin tsiro dangin gansakuka, wanda ke haɗa abinci da hasken rana yana ciyar da shi, shi ne kuma yake ba shi launi. Idan zafin ruwa ya ɗara abin da aka saba gani a lokacin bazara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, sai murjani ya fitar da tsiron nan. Launinsa ya koɗe, ya koma fari fat.

Farin murjani yana da sauran rai, yunwa ce ke cinsa. In ruwan ya huce da wuri tsiron yakan dawo. In zafin ya zarce, sai mutuwa. Wurin da ya yi asara mai yawa kuma yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15 kafin ya murmure. Duk uwar da ta yi jinyar yaron da zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa kafin ya gama tashi daga na baya ta san inda matsalar take. Murjanin Ostareliya ya koɗe a 1998 da 2002, sannan a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Ku dubi yadda tazarar ta matse. A 2016 kaɗai kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin da ke ruwa marar zurfi a can ya mutu.

Hayaƙin fetur da gas da kwal ne ke tare zafi a sararin samaniya, teku kuma yana shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na rarar zafin. Kun tuna zafin da muka sha a azumin 2024? A watan Afrilun shekarar ne hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar da cewa murjani na koɗewa a faɗin duniya, karo na huɗu da aka ga haka. Zafin da ya hana 'ya'yanmu barci da wanda ya dafa teku tushensu ɗaya.

Wata za ta ce, mu da ke Kano ko Damagaram ina ruwanmu? Ku tuna da uwa irinmu a bakin tekun Kenya. Duwatsun murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na halittun teku a nan suke samun ci da mafaka. Kifin da mijinta ke kamowa a nan ya girma, shi ne naman miyarta, shi ne kuɗin makaranta da na magani. Duwatsun ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso ƙofar gidanta. Idan suka ruguje, yaranta ne za a fara kaiwa asibiti da tamowa.

Mutanen ƙauyen Kuruwitu a Kenya ba su da ikon sanyaya teku, sai suka yi abin da mai jinya ke yi, suka rage wa majinyaci wahala. Sun keɓe wani yanki suka hana kamun kifi a ciki, kifaye masu cinye gansakukar da ke shaƙe murjani suka dawo, murjanin ya fara farfaɗowa. Jinya ce mai kyau, amma maganin yana hannun ƙasashen da suka fi fitar da hayaƙi. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi gargaɗi a 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na duwatsun murjani. Idan ta kai digiri 2, kusan duka.

Ku nuna wa yara hoton murjani mai launi da wanda ya koɗe a wayarku, ku tambaye su me suka gani. Ina jiran jin amsoshinsu. Allah Ya raya mana su, sai mako mai zuwa.