Aikin Malanta Ba Rumfar Jiran Mota Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata tambaya wadda kowane ɗayanmu ya sha amsawa tun ranar da ya fara shigowa ta babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a nan Samaru, watau, "Me kake karantawa?" Mai koyon aikin likita ko na injiniya yakan ba da amsa tun ba a rufe baki ba, har ma ya ƙara da bayanin da ba a tambaye shi ba. Amma mu da ke fannin koyarwa sai ka ji mun sassauta murya, mun ce "Kimiyya" ko "Tarihi", mun haɗiye sauran. In an matsa mana, sai mu ce ai ba shi muka nema ba, shi aka ba mu. To, wannan kunya ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin kuwa wanda ke jin kunyar sana'arsa tun bai fara ta ba, da wuya ya yi ta yadda ya kamata.

Ba mu ce laifin namu ne mu kaɗai ba. A shekarar 2024, mafi ƙarancin makin da aka tsayar a jarrabawar JAMB don shiga jami'a shi ne 140 cikin 400, alhali na kwalejin horon malamai 100 ne. Ma'anar wannan a fili take: ƙasa ta yarda waɗanda suka fi rauni a jarrabawa su ne za su koyar da 'ya'yanta. Wane magini ne zai ware tubalan da suka fi rauni ya ce su za a sa a harsashi?

Duk sa'ad da aka so a kwantar mana da hankali, sai a jero mana sunayen mazan jiya. A ce ai Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, don horon malamai aka yi ta, kuma ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta zo Zariya a 1949, ta zama Kwalejin Barewa. A ce Sardauna, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci. Abubakar Imam malami ne a Midil ta Katsina kafin ya zo Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shehu Shagari ma ya riƙe alli, Malam Aminu Kano kuwa ya koyar a Bauci da Maru, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa mu lura da abu guda, wanda masu jero sunayen ba su cika faɗa ba: waɗannan bayin Allah ana tunawa da su ne saboda abin da suka yi bayan sun bar aji. Abokan karatunsu da suka zauna da alli har furfura ta cim musu, wa ya san sunayensu in ba ɗalibansu ba? Ashe darasin da muke ɗauka daga jerin, ba tare da mun sani ba, shi ne malanta tsani ce, a taka a haye. Haka kuwa da yawanmu muka ɗauke ta: rumfa ce ta jiran mota, a fake a ciki kafin aikin banki ko na kwastan ya iso.

Sakamakon wannan ɗabi'a mun gan shi a jiharmu. Lokacin da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, a 1976, yara sun yi ambaliya fiye da yadda aka zata, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar don cike giɓin. Tun daga nan ake neman yawa, ana barin inganci a baya. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT kuma ta shiga yajin aiki. An yi ta gardama a kan adalcin jarrabawar, mu ma muna da ja a kan yadda aka raba magidanta da abincinsu a rana ɗaya. Sai dai tambayar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ita ce, wa ya ɗauke su aikin tun farko, wa kuma ya ba su takardar shaida?

Mu kanmu ba mu gane abin da aikin yake nufi ba sai da aka tura mu koyarwar gwaji a wata firamare a Sabon Gari. Mu huɗu ne, muna tashi daga Samaru da sassafe. Ajin da aka ba mu yara sun haura tamanin, rabinsu a ƙasa suke zaune, allon kuwa ya koɗe har alli ba ya kama shi sosai. Kowa ya san Sabon Gari, gari ne da jirgin ƙasa ya tara wa jama'a. A aji guda ga ɗan Bahaushe, ga ɗan Bayarabe, ga ɗan Ibo, ga ɗan Banufe, dukkansu Hausa suke yi in an fita tara. Mun iso da tsarin darasi da muka rubuta da Turanci mai kyau, muna taƙama. Kafin mako ya ƙare muka gano cewa da yawa cikin yaran nan na aji huɗu suna iya kwafe duk abin da ke kan allo tsaf, amma ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga abin da suka kwafa ba. Zane kawai suke yi.

Malamar ajin, wata dattijuwa da ta kusa ritaya, ba ta ce mana komai ba sai da muka gaji da kanmu. Sannan ta nuna mana yadda take yi. Takan ware su kashi uku, ta zaunar da waɗanda ba su iya ba a gaba, ta fara da baƙi da wasali cikin Hausa, ba, bi, bu, sai kunne ya kama sannan ta tsallaka da su Turanci. Littafin rajistarta cike yake da 'yan alamomi da ita kaɗai ta san fassararsu: wannan ba ya gani sosai daga baya, waccan talla take zuwa kafin ta zo, wancan marayan ba ya karyawa. Ana saura kwana kaɗan mu gama, wata yarinya da ba mu taɓa jin muryarta ba ta tare mu a bakin ƙofa, ta ce jiya da aka aike ta kasuwa ta karanta rubutun da ke jikin wani shago da kanta, ba wanda ya gaya mata. Yarinyar nan ko gobe aka cire ta daga makaranta, ba mai iya ƙwace mata wannan. Za ta karanta takardar magani, za ta san abin da aka ba ta ta sa wa hannu. A ganinmu ma'anar aikin malanta ke nan.

Kada kuma wani ya ɗauka muna goyon bayan maganar nan da aka saba rufe wa malamai baki da ita, wai ladan malami sai a Lahira. Ladan Lahira na wurin Ubangiji, ba gwamnati ce za ta biya shi ba, saboda haka ba ta da hurumin cire shi daga albashi. A ranar malamai ta duniya ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayarsu zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. Ƙarin shekaru alheri ne, amma dattijuwar da muka ambata har yanzu sai ta haɗa da sayar da zoɓo da yamma kafin wata ya kai mata ƙarshe.

Abin da muke roƙo bai da yawa. Ga 'yan'uwanmu na fannin koyarwa, wanda ya san ba zai zauna ba, ba mu hana shi neman na gaba ba, amma muddin yana riƙe da rajistar aji, to ya san sunayen yaran da ke cikinta, ya kuma san wanda ya iya karatu da wanda ke zane. Ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai kuwa, muna so su duba yiwuwar tanadin mota guda da za ta riƙa kwasar masu koyarwar gwaji daga Samaru zuwa Sabon Gari da safe, domin mun ga abokanmu da suka riƙa fashin zuwa aji ba don lalaci ba, sai don kuɗin mota ya ƙare musu tun tsakiyar wata.