Kuɗin alewa da halittun cikin yaro

A hanjin kowane yaro akwai ƙananan halittu biliyoyi da ido ba ya gani. Wasu na taya shi narkar da abinci da kare jiki, wasu kuma na jawo cuta in sun yi yawa. Abin da yaro ke ci kullum yana da babban hannu a kan waɗanda za su rinjaya, domin kowane iri da abincin da yake so.

A 2010 masu bincike daga Italiya sun gwada yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Florence. Cimar yaran Burkina irin tamu ce: gero, dawa, wake da ganye. An tarar hanjinsu ya fi yawan ire-iren halittun nan, musamman masu narkar da dusar hatsi da zaren ganye, waɗanda ke samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji. Yaran Italiya, masu cin sukari da mai da nama, sun fi yawan dangin da masu sa zawo ke ciki.

Haka abin yake a baki. Sukari ne abincin halittun da ke fitar da tsami mai cin haƙori.

Shi ya sa nake ganin teburin ƙofar lakwal ya cancanci kulawarmu kamar allon aji. Mu duba abin da ake sayar wa ƴaƴanmu lokacin hutun safe: alewa, biskit, ruwan leda mai launi. Uba ya ba da dala ashirin, bai tambayi inda ta tafi ba.

Wani zai ce talauci ne. Gaskiya ne cimarmu kaɗai ba ta wadatar da yaro, yana buƙatar ƙwai, nono, kifi da ruwa mai tsabta. Amma dala ashirin ɗin nan tana sayen ƙosai ko gyaɗa.

Malamai, ku zauna da ƙungiyar iyaye da mata masu talla, a shirya abin da za a riƙa kawowa: ƙosai, dambun zogale, dafaffen wake, gyaɗa, a rufe cikin tsabta. Iyaye mata, a rage surfe mai tsanani, kada miyar kuka da ta kuɓewa su bar tukunya. Iyaye maza, in yaro ya dawo, a tambaye shi abin da ya saya.